Ranar da Na Yanke wa Inna Dije Magana

Kowane wata sai wani cikinku ya leƙo biro, ofishina ke nan, ya tarar da ni zaune gaban ordinatar, wato kwamfuta, fanka tana kaɗa mini, ya ce, "Gwaggo Abu, ni ma irin wanga aiki nake so." Na san abin da kuke gani: kujera da inuwa. Na gaji da yi wa mutum ɗaya-ɗaya bayani, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya karanta har ƙarshe, in har yanzu yana so, ya zo mu yi magana.

Sunana Zainabu. Ni ke riƙe da dandalin intanet na ƙungiyar mata masu noman gyaɗa, daga nan Dogon Dutsi har Tibiri da ƙauyukan Gesheme. Ban shiga lakwal, makarantar boko, ina yarinya ba. Mai da ƙuli-ƙuli nake saidawa a bakin tasha, sai da na aurar da babbar ɗiyata sannan na fara riƙe alli a ajin yaƙi da jahilci. Malam Idi ne ya koya mana, wani malamin gwamnati da aka turo garin nan, dogo, marar son hayaniya, wanda ya san ordinatar kamar yadda na san kaskon tuya. Shi ya gina dandalin. Ya ga yawancin matanmu ba su karatu, sai ya yi shi da hotuna: girgije don labarin ruwa, tiya don farashi, ganye don ciwon shuka. Mace ta buɗe a wayarta, ta taɓa hoto, ta danna jan maɓalli, ta yi magana. Abin da ta faɗa shi muke kira bokal, kuma duk wadda ta shiga za ta ji.

Aikin farko da ya ba ni ba shi da daɗin faɗi. Wata guda cur ina zaune da abin ji a kunne, ina sauraron bokal ɗaya bayan ɗaya, ina mai da kowane wurinsa. Wadda ta sa cigiyar akuya ƙarƙashin girgije, in ɗauke. Wadda ta zagi dillali har da uwarsa, in kira ta in ce ta sake faɗa, ta bar uwar a gida. Bayan nan ya fara yi mini mugunta. Sai ya zo da safe ya cire wata waya, ko ya canza wani abu a ciki, ya ce zai je shan shayi. In ya dawo dandali bai buɗe ba, ba ya yi mini faɗa. Sai ya ce, "To, matan Tibiri na jira," ya koma waje. Da haka na koyi bambanta matsalar kuran, wato wutar lantarki, da ta rezo, wato hanyar sadarwar waya, da wadda ni na jawo da hannuna. Kayan aikina har yau ba su wuce waɗannan ba: ordinatar, pano mai zuƙar hasken rana da batir don ranar da kuran ya ɗauke, pis biyu, wato layukan waya, don in ɗaya ya yi shiru in koma ɗayan, da wani littafi mai baƙin bango inda lambobin sirri suke. Littafin nan ba ya kwana a biro.

Masu zuwa wurina ba masu kwat ba ne. Wata za ta zo daga Ɗan Kassari da wayarta ƙulle a bakin zane, ta ce aljani ya shiga ciki, in duba in ga hotunan biki ne suka cika ta. Wata ta zo ta ce a goge abin da ta faɗa jiya, mijinta ya ji. Wata ba abin da ya kawo ta sai ta ga inda muryarta ke kwana, ta leƙa bayan ordinatar, ta ce, "Nan duk muke?" Kowace sai ka tsaya ka ji ta. Ni kuwa tsayawa ji ba halina ba ne, koya na yi, kuma kamar yadda za ku gani ban gama koya ba.

Cikin duk masu magana a dandalin akwai wadda in bokal ɗinta ya shigo har masu daka ke ajiye taɓarya. Inna Dije ke nan, wata tsohuwa da ke zaune a tunga bayan Gesheme. Matan Tibiri da yawa gamanarsu, wato gonar da mace ke noma wa kanta, tana can wajen, tafiyar awa uku da amalanke, ita kuwa bukkarta tana bakin gonakin. In ruwa ya sauka sai ta fita ta tona ƙasa da hannu a wuri uku ko huɗu. In damshi ya tsaya a yatsa, ba a shuka. In ya kai tsintsiyar hannu, a ƙara haƙuri. In ya kai gwiwar hannu, kowa ta fito da irinta. Da can sai ranar kasuwa ake jin abin da ta ce, wani lokaci ƙasa ta riga ta bushe. Da ƙungiya ta ba ta waya da ɗan pano na sharji, ya zama tana tonawa da safe, kafin hantsi an ji a Tibiri. Irin gyaɗa kuwa ba abin wasa ba ne. Mace tana ɓare shi da hannunta, ta tsince, ta ɓoye shi tun kaka har daga ɗiyanta. In ya ƙone a ƙasa, babu inda za ta ɗebo wani.

Dandali ya girma fiye da yadda muka zata. Masu wake suka shigo, matan Ɗan Kassari suka shigo, har 'yan kasuwa maza suka fara leƙowa don farashi. Lokacin an riga an ɗauke Malam Idi zuwa can gabas, ya bar ni da littafin da lambar wayarsa. Wata rana da rani saƙo ya zo daga kamfanin da muke haya wurinsa: kayanmu sun yi yawa, muna takura wa maƙwabta, mu nemi wani wuri.

Ku gane wani abu tukuna. Bokal ɗin da mace ta yi ba a ordinatar ɗina yake zama ba. Yana tafiya wata na'ura da ke kunne kullum a wata ƙasa, ita ake kira sarbar, hayarta muke. Da na kira Malam Idi ya ce mini, "Abu, har yau ɗaki guda kuke kwana da mutane da yawa, kowa da tabarmarsa. Yanzu taki ta hau ta kowa." Ya ce ko dai mu kama ɗakinmu mu kaɗai cikin babban gida, wato na'ura guda ce aka tsaga da katanga kowa da rabonsa, ko mu kama gida sukutum, na'ura guda tamu mu kaɗai. Kuma ko wanne ne, akwai mai zuwa da mai kula, wanda zai share, ya gyara rufi, ya ajiye kwafin kaya a wani wuri. Akwai kuma wanda za a miƙo maka mabuɗi kawai a ce Allah ya ba da sa'a.

Na ce wanne ya fi araha. Ya ce ƙaramin ɗaki marar mai kula.

"Amma ba zai ɗauki kayanku ba in damina ta zo," ya ce. "Sai dai in za a rage tsawon bokal."

A nan na yi abin da na yi. Duk wanda ya san ni ya san ba ni da doguwar gaisuwa. A tasha na girma, inda in ka tsaya tambayar gida mota ta tashi da mai sayen ƙulinka. Shekara biyu ina sauraron bokal, na san rabin abin da ke cika mana wuri "ina kwana, ina gajiya, ƙaƙa gida, ƙaƙa ɗiya" ne. Mace za ta yi minti uku tana gai da jama'a kafin ta ce tiya ta hau. Na ce a raina, ashe gaisuwa muke biya wa haya. Na ce wa Malam Idi ya nuna mini inda ake sa iyaka. Ya nuna mini, ya ce, "Ki yi tunani." Na ce na yi. Na kama ƙaramin ɗakin, na sa minti ɗaya. Duk abin da ya wuce haka, sarbar ta karɓa, ta datse wutsiyar ta zubar. Mai magana ba za ta sani ba, don a wayarta nata yana nan cikakke.

Na kuwa sanar da su. Na rubuta sanarwa mai kyau, babu kuskure ko ɗaya, na manna a saman dandali. Ni da na yi furfura kafin in iya karanta sunana, na rubuta wa matan da ba su karatu takarda, na tashi ina ganin na fita haƙƙinsu. Da rani ba abin da ya faru. Wasu sun ce bokal na katsewa, suka ɗora wa rezo laifi. Na ji su, ban gyara musu ba.

Ruwan farko na shekarar nan ya sauka wata Talata da la'asar. Washegari da safe bokal ɗin Inna Dije ya shigo, na sa a kunne.

"Salamu alaikum matan Tibiri. Ina kwananku, ina gajiya. Ƙaƙa gida, ƙaƙa ɗiya, ƙaƙa masu gida. Hajiya Rakiya ina kwana, ƙaƙa ƙahwar taki." Ta bi sunaye a hankali yadda ta saba. Sannan ta ce, "Ina ruwa wajenku? To mu nan ruwa ya yi gyara, jiya ya sauka, mun gode Allah."

Nan ya ƙare. Bai yi kama da abin da aka yanke ba, don daidai inda tsohuwa ta tsaya jan numfashi wuƙar ta faɗa. Na ɗauke shi da hannuna na kafa a saman dandali, don shi kowa za ta fara ji.

Ku da kuka tashi a ƙasar nan kun san abin da na manta. Ba a buɗe baki da mugun labari. Mutum zai zo gaya maka rasuwa, ka ce ina gida, ya ce lahiya lau. Ka tambayi manomi ina ruwa, ko yayyafi aka yi zai ce ya yi gyara, don ba a raina abin da Allah ya saukar. Ainihin magana a baya take zuwa, bayan an zauna, bayan an sha ruwa. Ni kuma ta bayan ce na zaɓa in zubar.

Za ku ce matan ba su da ido? Suna da shi. Sun isa gona kafin azahar, saman ƙasa da sanyi, sungumi na shiga. Wasu sun tona sun ce anya. Amma an riga an yi hayar jaki, an ɗauko iri, an bar ɗiya ga maƙwabta, Inna Dije kuma ta ce ya yi gyara. Ita kanta ba ta nan, tana gama bokal ɗin ta tafi gaisuwar mutuwa wani ƙauye. Suka shuka. Ruwa bai sake sauka ba har sati biyu. Gyaɗa ta tsiro, ta leƙo, rana ta kama ta.

Hajiya Rakiya, shugabar matan Tibiri, ita ta zo biro. Ba ta yi sallama ba. Ta kwance bakin mayafinta ta zazzage mini busassun tsiro a kan maɓallan ordinatar.

"Ga gyaɗarmu," ta ce. "Ki sa ta cikin na'urarki ki aika ma tsohuwar can. Wasu sun ce ta ruɗe, wasu sun ce da gangan ta yi."

"Da gangan don mi?"

"Ni na sani? Jiya wata ta tsaya bakin dannin gidanta ta ce mata maƙaryaciya."

Bayan ta fita na duba tsawon bokal ɗin. Minti ɗaya daidai, ba ƙari ba ragi. Babu mai maganar da ke ƙarewa daidai a kan minti. Na shiga sarbar na nemi sauran, babu. Na rubuta wa masu ba mu hayar, suka amsa cewa na'ura tana kunne, abin da ke cikin ɗaki kuma nawa ne. Gaskiya suka faɗa, haka na zaɓa.

Washegari na hau kabu-kabu, babur ɗin haya, zuwa tunga. Na tarar da Inna Dije a inuwar rumbu tana gyaran ƙwarya. Na ce ta ba ni wayar. Ta nuna mini inda take da haɓa. Na kunna. Bayan "mun gode Allah" ta ja numfashi, sai muryar ta ci gaba:

"To amma ku saurara da kyau, ɗiyana. Na tona wuri huɗu. Yatsa ukku ne, ƙarƙashi busasshe. Wanga ruwa na kwantar da ƙura ne. Kada wadda ta taɓa iri. Na hwaɗi, na ƙara, kada wadda ta taɓa iri."

Na gaya mata abin da na yi, ban rage kome ba. Ta ajiye ƙwaryar.

"Ke kinka yanke?"

"Ni na yanke, Inna."

"Don na gai da mutane."

"Don wuri ya ƙare."

"Tun ban haihu ba nike tona ƙasar ga," ta ce. "Ba a taɓa ce mini maƙaryaciya ba sai da kunka ba ni wagga aba." Ta tura wayar gabana da bayan hannu. "Ɗauki kayanki."

Ban ɗauka ba. Na kwafi bokal ɗin, na sa wayar cikin leda na rataye a jikin rumbu, na ce in an gyara zan aiko. Ta koma kan ƙwaryarta. Ina komowa na tsaga maganarta gida-gida, kowane bai kai minti ba, na sa a dandali, na yi bokal da bakina, wanda ya kamata in yi tun rani, na ce ni na yanke. Iyakar kuwa ban iya cire ta ba, don ɗakin ya kusa cika.

A rumfar shagon Alhaji Mamman aka yi taro. Shi ke sayen man ƙungiya, shi ya ba mu ɗakin da muke biro, don haka bakinsa na da nauyi. Abin da ke gabanmu ɗaya ne. A mangazar ƙungiya, ɗakin ajiyarmu, akwai sauran iri da zai isa shuka guda, ba biyu ba, lokacin gyaɗa kuma yana wucewa. In ruwa na gaba ya zo matan ba su ji Inna Dije ba, ko suka ji rabi, babu gyaɗa a Tibiri bana.

"Wanga haya-haya shi ya kashe mu," in ji Alhaji. "Mu sayi na'urarmu, babba, in aje ta nan cikin shago kusa da firigo, kowa shi gan ta."

Na ce, "Alhaji, sau nawa kuran ya ɗauke jiya?"

Ya shiga gyara hularsa. Hajiya Rakiya ta ce, "Ukku."

"In hadari ya taso kuma shi ka fara tahiya," na ce. "Ranar da muka fi bukatarta ita ce ranar da za ta mutu."

"To a kama gida sukutum can wajensu, da mai kula da kome. Mu ba matsiyata ba ne."

"Na tambaya. Sai sun yi kwanaki suna haɗa ta, kuma shekara guda ake sa hannu. Mu wata ukku muke da cunkoso. Kai kana hayar kamiyo, motar kaya, shekara guda don kayan kaka?"

"Ku dubi mai koya mini kasuwanci," ya ce wa mutane. "Da hurhura ta koyi baƙi, jiya-jiya ta ƙona irin jama'a."

"Ni na ƙona shi. Shi ya sa na san inda wutar take. Ku ba ni kwana ukku."

Hajiya Rakiya ta ɗaga kai ta dubi gabas. "Biyu," ta ce.

Kwana biyun nan a waya na yi su, da Faransancina mai ɗingishi. Abin da nake nema ɗaki ne namu cikin babban gida, amma da mai kula, kuma wanda ake iya faɗaɗawa da damina a matse shi da rani. Masu ba da hayar da yawa suke, kowa shafinsa cike da alkawari. Ban karanta alkawari ba, tambaya na yi. Wani ba shi da lambar waya sam, sai ka rubuta ka jira, na wuce. Wani mai zaƙin baki na ce masa, "In abin ya mutu ranar Juma'a ana masallaci, wa zai ɗauki waya?" Ya ce ba ya mutuwa. Na kashe. Can na samu wata mace mai murya a gajiye. Na yi mata tambayar, ta ce akwai mai tsaro kowane lokaci, ta faɗi lamba. Ina riƙe da ita na kira lambar da ɗayan pis ɗin, aka ɗauka. Na ce kwafin kaya fa? Ta ce kullum ana yi, a wani gini daban. Na ce sai na gani. Suka buɗe mini ɗakin gwaji, na sa bokal, washegari na goge shi da hannuna na ce su maido. Suka maido. Duk wanda ya ce muku yana ajiye kwafi, ku sa shi ya maido a gabanku kafin ku yarda.

Ta tambaye ni mutum nawa ke shiga a rana. Na ce wannan tambayar ba ta aiki wajenmu. Da rani dandali barci yake. Safiyar da ruwa ya sauka kuwa kowa da wayarta a kunne lokaci guda, kuma matanmu in suka fara gaisuwa sai sun gama. Ta yi dariya. Na ce ba wasa nake ba, ta auna mini wuri da gaisuwar a ciki.

Ranar ƙaura Alhamis ce, zafi ya matse gari, ko ganye ba ya motsi. Tun da safe na aiki mai kabu-kabu ya gaya wa Inna Dije yau za a gyara, ta yi magana iya son ranta. Ya dawo ya ce ta ji. Na ce me ta ce? Ya ce ta ji dai. Wayar tana nan rataye a rumbu.

Mutanen kamfanin da na zaɓa su suka kwashe kayan daga tsohuwar sarbar zuwa sabuwa, ni ina bi ina buɗe bokal nan da can in tabbatar muryoyin sun iso. Bayan azahar matar ta kira ta ce an gama, sai abu ɗaya. Sabon adireshi yana ɗaukar lokaci kafin ya bazu. Yau da gobe wata waya za ta shiga sabon gida, wata ta ci gaba da zuwa tsohon, kuma ba a san wacce ba.

Tsohon gida har yanzu wuƙar tana nan. In na cire iyaka, bokal uku masu tsawo za su cika shi ya tsaya. In na rufe shi, wadda wayarta ta je can za ta tarar da ƙofa kulle. Kuma wannan ba aikin mai kula ba ne, tsohon gida nawa ne ni kaɗai. Na kira Malam Idi, babu rezo wajensa. Gabas ta yi baƙi. Kuran ya ɗauke, na koma batir.

Na buɗe littafin, na shiga tsohuwar sarbar, na fara goge bokal ɗin rani don in samu wuri. Kafin in goge na kowane wata sai na leƙa sabuwa na ga yana can. Iska ta taso, kwanon rufi na kaɗawa, pis na farko ya ɗauke ana tsakiyar gogewa. Na sa na biyu. Ban sani ba ko katsewar ta lalata wani abu, sai da na sake shiga na ga kome na aiki. Na cire iyakar. Na yi bokal na gwaji, na jera sunayen ɗiyana da jikokina har minti huɗu, na aika ta wayata, na karɓi ta mai shayin ƙofar biro na sake aikawa. Ɗaya ya faɗa tsohon gida, ɗaya sabo. Duka biyun sun iso da wutsiyarsu. Ina cire abin ji daga kunne ruwa ya kece.

Da safe ina biro tun rana ba ta yi sama ba, gidajen biyu a buɗe gabana, duk abin da ya faɗa ɗaya in kai shi ɗayan. Bokal na shigowa ta ko'ina. Ɗan Kassari an yi ruwa, Gesheme an yi. Na tunga babu. Hajiya Rakiya ta kira.

"An ɗaura ma jakkai amalanke. Mata na zaune bisa buhu."

"Ku tahi ku tona da kanku, Hajiya."

"Wancan karon ma mun tona. Sun ce ba su motsi sai sun ji ta. Ta yi magana?"

"Tukuna."

"In rana ta yi tsaka, Abu, yau ta wuce. Ki san abin da za ki gaya musu."

Hantsi ya yi. Na kira wayar tunga, tana ƙara, ba a ɗauka. Amma tana ƙara. Wayar da aka bari rataye kwanaki ba ta ƙara, sai in wani yana cire ta daga leda yana sa ta a pano. Na ajiye, ban sake kira ba.

Sai ga bokal ɗin Inna Dije, a tsohon gida ya faɗa. Minti goma sha ɗaya. Hannuna ya kai ga maɓallin kafawa, na janye. Kiran Hajiya na shigowa, na kife wayar a kan tebur. Na saurara.

Ta yi sallama. Ta gai da Hajiya Rakiya da ƙafarta. Sannan ta bi matan da irinsu ya ƙone ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunanta da na gidansu, tana yi mata jaje, har wadda ta tsaya bakin danninta. Ta gai da Alhaji Mamman. Ta gai da Malam Idi da ba ta taɓa gani ba. Ta ce ruwa ya yi gyara, mun gode Allah. Ta ja numfashi.

"Na tona wuri biyar. Gwiwar hannu, har ya wuce. Ku hito."

Na kai shi sabon gida, na kafa a sama can da nan, na kira Hajiya na ce su ji da kunnensu, har ƙarshe. Ban gama magana ba na ji ana kora jaki a bayanta.

Na sake sauraronsa daga farko, wannan karon sunaye kawai nake bi. Nawa babu. Damina uku ke nan tana aiko da bokal, kowane da tsawonsa, yana shiga cikakke, ni ke kafa shi a sama. Har yau ba ta gai da ni ba.